Fitilar da Ba Ta Kama Ba: Nazarin Wani Injin Kofi a Ƙofar Ƙaura

A ƙarshen watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa, aka kira ni wani gida a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Sana'ata gyaran kayan wuta na gida ce: firji, injin wanki, hita da makamantansu. Injin kofi bai cika zuwa hannuna ba, domin mu nan mutanen shayi ne da koko da kunu. Amma 'yan shekarun nan ana shigowa da su, yawanci tsaraba daga 'ya'yan da ke karatu ko aiki a waje, kuma duk wanda ya lalace sai a tura shi ƙarƙashin gado don babu wanda ya san kansa. Abin na damuna, domin akasarinsu lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa na rubuta wannan aikin daga farko har ƙarshe, ko masu injinan da abokan sana'a za su amfana.

Mai gidan dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Babban ɗansa da ke zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila ya kawo masa injin a watan Yuni, bayan shi kansa ya yi wajen shekara 2 yana amfani da shi a can. Kirar Turai ne, irin wanda ake zuba wa 'ya'yan kofi gasassu ya niƙa da kansa, ya matse, ya tsiyayo a kofi. Takardar da ke manne a ƙasansa ta nuna bolt 220 zuwa 240, wat 1450. Na fara duba wannan ne da gangan, domin injin da aka sayo daga Amurka na bolt 120 ne, kuma in aka soka shi a wutarmu ta bolt 230 nan take yake ƙonewa. Wannan dai wutarsa ɗaya da tamu, har bakin filoginsa mai ƙafa 3 irin namu ne. Tankinsa lita 1.8. Ba shi da allon rubutu, sai jerin 'yan fitilu, kowace da ɗan zane a kanta. Littafin bayaninsa kuwa an baro shi a Ingila.

"Malam, ga shi nan ya kunna mani ja har uku," in ji Alhaji bayan mun gaisa. "Na kai shi wajen wani mai gyaran rediyo, ya ce fanel ɗinshi ya ƙone, sai an aiko da sabo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda fanel ɗinshi ya ƙone ba ya magana. Wannan kuwa magana yake yi, sai dai ba a ji abin da yake cewa ba."

Ban ga laifin wancan mai gyaran sosai ba. Wanda ya saba da talabijin, in ya ga jar fitila na ƙiftawa, fanel zai fara zargi. Abin da na gode masa shi ne bai kwance injin ba.

Fitila mai gani da fitila mai ƙirga

Kafin in shiga abin da na tarar, akwai wani bambanci da in mutum bai riƙe shi ba, zai yi ta lalube a duhu. Fitilun irin wannan injin iri biyu ne. Wasu suna da ido: akwai sensa ko ɗan ƙaramin makunni a bayansu da ke taɓa abin da suke ba da labarinsa, kamar ko akwai ruwa a tanki, ko ƙofar gefe a rufe take. Wasu kuma ba su ganin komai, lissafi kawai suke yi. Injin na ƙirga kofi nawa ya haɗa, ruwa nawa ya bi ta cikinsa, in adadin ya cika sai ya kunna fitila. Mai ido tana iya yin ƙarya in idon ya toshe. Mai lissafi tana iya yin ƙarya in an ba ta lissafin da ba daidai ba tun farko. Duka biyun na same su a gidan nan.

Fitilun da ke kunne su ne: mai zanen kusurwa uku da alamar motsin rai a tsakiya, mai zanen durowar dusa (wato ragowar garin kofi bayan an tace shi), da mai zanen tankin ruwa.

Ta farko: kusurwa uku

Da ita na fara, domin ita ce ta hana injin motsi gaba ɗaya. Ana kunna shi sai ya yi gurnani kaɗan ya tsaya. Wannan fitila ta gama-gari ce, ba ta faɗin takamaiman ciwo, amma sau da yawa tana nuni ga akwatin matsa. Shi ne ɓangaren da ke bayan ƙofar gefe, wanda garin kofi ke zuba a cikinsa, 'yar motar lantarki da ke cikin injin ta ɗaga shi sama ya matse garin, ruwan zafi ya ratsa, sannan ya sauko ya tunkuɗe dusar cikin durowa. Yana da mazauni guda da yake komawa in an kashe injin yadda ya kamata, kuma a nan kaɗai yake yarda a zare shi.

Na cire filogi, na buɗe ƙofar, na haska da tocilan. Akwatin na tsaye a tsakiyar hanya, bai kai sama ba, bai dawo ƙasa ba. A jikinsa akwai sawun sukundireba, alamar wani ya yi ƙoƙarin ɓamɓaro shi da ƙarfi. Allah ya kiyaye kunnen robar bai karye ba. Ina roƙon duk mai irin wannan injin: in akwatin ya ƙi fita da yatsu biyu, kada a sa masa ƙarfe. Ba maƙalewa ya yi ba, ba ya wurinsa ne.

Me ya tsayar da shi a nan? Na tambayi yadda wutar gidan take. Suna da sola da inbata mai ƙarfin kVA 1, wadda ke ɗaukar fitilu da fanka da talabijin in an ɗauke wuta, kuma soket ɗin kicin na kanta. To injin nan in hitarsa ta kama yana jan wat 1450, wato sama da amfiya 6. Inbatar ba za ta iya ba. Hajiya ta ce lallai akwai safiyar da Alhaji ya danna kofi, aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, inbatar ta yi ƙara ta mutu, daga ranar ne kuma jar fitilar ta fara. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ma ba zai ɗauke shi ba, don ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba.

Gyaran bai ɗauki minti 5 ba. Na sa aka tayar da babban janaretan gidan, na mayar da durowa da tire, na rufe ƙofa, na soka filogi. Motar ta so jan akwatin amma ya yi mata nauyi. Na kashe, na goge sandunan da yake zamewa a kansu, na sake kunnawa, sai ya sauko a hankali har mazauninsa. Na kashe injin da maɓallin gabansa, na jira ya gama ɗauraye kansa ya yi shiru, sannan akwatin ya fito salin alin.

Abin da na gani a jikinsa ya ba ni tausayi. Wata 7 ba a taɓa cire shi ba, don ba wanda ya san yana fita. Garin kofi ya haɗu da ƙurar hunturu da tsohon maiko sun zama wani baƙin laka mai danƙo. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na wanke da buroshin haƙori, ba sabulu, domin sabulu na barin ɗanɗano kuma yana cinye maikon cikin fistin. Da ya bushe na shafa wa sandunan ɗan man silikon irin wanda ba ya cutarwa in ya taɓa abinci. Man shafawa na basilin da baƙin mai duk ba su dace ba, suna kumbura zoben roba, ga shi abin sha ne ke bi ta wurin. Na mayar, fitilar ta mutu.

Ta biyu: durowar dusa

Wannan ita ta fi ɓata wa mutanen gidan rai, ita ce kuma mafi sauƙi. Durowar wayam take, an wanke ta tas, amma fitila na cewa ta cika. Mai ƙirga ce. Injin na lissafa kofi 14 ya ce a zubar, kuma ba ya komawa sifili sai ya ji an zare durowar yana kunne, an bar ta a waje kamar daƙiƙa 10. Yarinyar da ke taya Hajiya aiki kuwa tarbiyyar gidan ta bi: a kashe kowane soket a bango kafin a taɓa kayan wuta, a kuma kashe da dare saboda wutar da kan dawo da ƙarfi. Ɗabi'a ce mai kyau, ta ceci talabijin da yawa a garin nan. Sai dai ita tana zubar da dusar ne injin na kashe, shi kuma bai san an yi ba.

Na kira ta na ce, "Ƙanwata, zo ki zare da hannunki yanzu da yake kunne." Ta zare, muka ƙirga goma, ta mayar, fitilar ta ɗauke. Na gaya mata ta ci gaba da kashe bango, amma sai bayan ta danna maɓallin gaba ta ji injin ya yi shiru. Dusar kuma kada ta jira fitila, ta riƙa zubarwa kullum, musamman in bazara ta shigo, don jiƙaƙƙiyar dusa a zafin Afrilu kwana 2 ya ishe ta yin fumfuna.

A nan na kuma tarar mazurarin zuba niƙaƙƙen kofi ya toshe. Alhaji ya dawo Umara da garin gahawa mai kayan ƙamshi, ya zuba cokali 3 a ciki. Mazurarin ludayi ɗaya tak yake karɓa, a shafe, kuma sai injin na kunne. Gahawa a buta ake dafa ta, haka kofin gwangwani mai narkewa a ruwa bai da wurin shiga wannan injin ko kaɗan. Na zazzage, muka wuce.

Ta uku: tankin ruwa

Tanki cike, fitila na cewa babu ruwa. Wannan mai ido ce. A cikin tankin, can ƙasa, akwai wani ɗan ɗaki da ƙaramar roba mai maganaɗisu a ciki. In akwai ruwa robar na tasowa, in ya ƙare ta sauka, sensar da ke jikin injin kuma na jin inda maganaɗisun yake. Na juye ruwan na girgiza tankin. Ya kamata in ji ƙwas-ƙwas, ban ji komai ba. Da na leƙa, robar ta manne a ƙasa da wani farin abu kamar alli. Na matse lemun tsami 3 a ruwan ɗumi na zuba, farin abun ya fara 'yar kumfa, bayan minti 20 robar ta saki.

Fitilu uku duk sun mutu. Alhaji ya yi hamdala, aka kawo kofi don a gwada. Injin ya niƙa, ya matse, sannan kofin ya fara ɗiga ɗis, ɗis, famfon na kuka kamar mai jan kaya a hawa. Abin da ya taru a ƙarshe bai kai rabin yadda ya kamata ba, kuma ɗumi kawai gare shi. Kofi irin wannan ana haɗa shi ne da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, ya kamata ya fito yana tururi. Duk da haka babu fitila ko ɗaya da ke kunne. A wajen injin, lafiyarsa lau.

Alhaji ya ce ai ya daɗe a haka, tun wajen watan Nuwamba, ya ɗauka tsufa ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Hankalina ya koma kan farin abun da ya kama robar tanki. In ya yi haka a ruwan sanyi, me ya yi a inda ake dafa ruwan? Na ce, "Hajiya, don Allah a nuna mani butar da ake dafa ruwan shayi." Aka kawo. Ƙasanta ya yi farin ƙanzo mai kauri har yana ɓarewa.

"Ai ruwan burtsatsenmu ne," in ji ta. "Duk wata sai na kankare."

Ta huɗu, wadda ba ta kama ba

Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yakan narkar da sinadaran kalsiyam da magnesiyam daga duwatsu. Ba ya cutar da mai sha, amma in an dafa shi sai sinadaran su rabu da ruwan su manne a jikin ƙarfe. Shi ne farin ƙanzon nan, kuma asalinsa ɗaya da alli. Irin wannan ruwa shi ake kira mai nauyi, za ka kuma gane shi da yadda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. A buta Hajiya na gani ta kankare. A injin kofi kuwa ruwan na bi ne ta wani siririn bututu da ke cikin hita, wanda faɗinsa bai wuce tsinken tsintsiya biyu ko uku ba. Ƙanzo na rage hanyar, shi ya sa kofi ke ɗiga. Yana kuma shiga tsakanin ƙarfe mai zafi da ruwa, shi ya sa ruwan ba ya zafi. In aka bar shi, ƙarshenta famfo ko hita ɗaya zai tafi, lokacin ne kuma za a nemi kaya daga waje da gaske.

Injin na da fitila ta musamman don wannan, ta wankin ƙanzo. Na tambaya, kowa ya ce bai taɓa ganin ta kama ba tun zuwan injin. To me ya hana ta?

Mai ƙirga ce ita ma. Babu wani ido a cikin bututun da ke ganin ƙanzo. Mai injin ne ke gaya masa nauyin ruwan garinsu, daga mataki na 1 zuwa na 4, shi kuma ya lissafa lita nawa za su wuce kafin ya nemi wanki. A mataki na 1 yana jinkiri sosai, a na 4 yana saurin nema. Na shiga saitin, na tarar da shi a 1. Aka kira ɗan Alhaji ta WhatsApp ya tabbatar shi ya sa shi haka, kuma ya yi daidai a inda yake: ruwan Manchesta daga tafkunan arewa maso yammacin Ingila ake janyo shi, mara nauyi ne ƙwarai. Ya ma wanke injin kafin ya taho da shi, wato lissafin ya fara daga sifili. Injin ya iso Katsina yana shan ruwan burtsatse wata 7, alhali a lissafinsa har yanzu ruwan Manchesta yake sha.

Wannan ne ainihin ciwon, kuma shi kaɗai ne a cikin huɗun da zai iya kashe injin. Fitilu ukun da suka tayar da hankalin gida, har aka yi maganar fanel, babu wadda ta ci ko sisi. A ganina duk wanda aka kawo wa injin da aka yi amfani da shi a wata ƙasa, kafin ya haɗa kofin farko ya fara duba wannan saitin.

Ina da 'yan takardun gwajin ruwa da nake amfani da su wajen injin wanki. Ana tsoma ɗaya daƙiƙa guda, a girgiza, a jira minti 1, a ƙirga gidajen da suka yi ja cikin 4. Ruwan burtsatsen gidan ya ba da 4 cif. Ruwan ledar da suke saye ya ba da 2. Ba na cewa duk burtsatsen Katsina haka yake, domin na sha ganin gidaje biyu a unguwa ɗaya ruwansu ya bambanta, kuma ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Ajiwa ruwan sama ne da aka tara, ba lallai ya yi nauyin na ƙasa ba. Kowa ya gwada nasa. In babu takarda, butar shayi ta isa shaida.

Wankin na da sharaɗi guda mai muhimmanci a wurinmu: yana ɗaukar kusan rabin awa kuma ba a son a katse shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sai da na tabbatar janareta na da mai kafin in fara. Maganin da kamfanonin ke sayarwa yawanci tsamin laktik ne ko na sitirik, kuma ga mai halin samu shi ya fi, musamman in injin na ƙarƙashin garanti. Mu ba mu da shi a ranar, sai na yi amfani da garin sitirik na abinci, cokali 2 a lita 1 na ruwa, na dama har ya narke sarai. Ruwan khal na bar shi, domin warinsa na daɗewa a bututu kuma masu ƙera injinan da yawa sun hana. Ruwan batir ko maganin wankin banɗaki kuwa kada ma a kawo su kusa. Na faɗi haka ne don na san akwai mai tunanin tsami duk tsami ne.

Na sa injin a tsarin wanki, na ajiye kwano a ƙarƙashin bututun ruwan zafi. Yana tura ruwan kaɗan, ya dakata don tsamin ya ci, ya sake turawa. Abin da ya fito farko fari ne kamar ruwan tsarin shinkafa, da 'yan ɓarɓashi a ciki. Da tanki ya ƙare na wanke shi, na cika da ruwa mai kyau, na bar injin ya ɗauraye har ƙarshe. Mutane da yawa a nan suke kuskure: in ba a kammala ɗaurayar ba, injin ba ya ɗauka an yi wankin, fitilar kuma ba za ta mutu ba. Saboda yawan ƙanzon sai da na maimaita duka aikin karo na biyu, ruwan ya fito garau.

Kofin da ya biyo baya ya zubo siriri ba yankewa, da kumfa mai launin ƙasa a samansa, yana tururi. Alhaji ya kurɓa ya ajiye, ya ce rabonshi da irin wannan tun damina.

Kafin in tafi muka tsayar da abin da za a riƙa yi. Na mayar da saitin ruwa mataki na 2, bisa sharaɗin ruwan leda ɗin nan kaɗai za a riƙa zubawa. In babu shi, a tafasa na burtsatse a bar shi ya huce ya kwanta, a tsiyaye na sama, wannan na rage nauyinsa ko da bai kawar da shi duka ba. Na raba soket ɗin kicin da layin inbata. Akwatin matsa za a riƙa cire shi a ɗauraye duk Juma'a har hunturu ya wuce, injin kuma a rufe shi da zane in ba a amfani da shi. Autar gidan, wadda ke jami'a, ta zana fitilun a takarda da ma'anar kowace da Hausa, ta manna a cikin ƙofar kabad.

A tsakiyar watan Mayu Alhaji ya kira ni, murya a ɗan tashe, wai wata sabuwar fitila ta kama wadda bai taɓa gani ba. Na ce ya duba takardar da ke kabad. Ta wankin ƙanzo ce. Autar ta yi wankin da kanta da maganin da yayanta ya aiko, ni ban ma je ba. Abin da ya rage shi ne zoben robar fistin, wanda na ga ya fara tsagewa tun ranar farko saboda daɗewa cikin lakar nan. Har yanzu yana riƙe ruwa, amma na ba ɗan nasu lambar injin ya saya guda 2 ya taho da su in zai zo babbar salla.